Kwandon cefanen Gimbiya Caroline ba na jama'a ba ne

A shekarar 1997 wata mujallar ƙasar Jamus mai suna Neue Post ta buga hotunan wata mata 'yar shekara 40. Tana wani wurin shaƙatawa ne a bakin teku a Monte Carlo, wajen ƙasar Monako, ta yafa tawul tana tafiya, sai ta yi tuntuɓe ta faɗi. Iyakar labarin ke nan. Tuntuɓe ne irin wanda uwar kowa ke yi a tsakar gida, ta tashi ta karkaɗe zaninta ta ci gaba da harkarta. Wanda ya ɗauki hoton ma ba ya kusa. Laɓewa ya yi can nesa, tazarar ɗaruruwan mita, da kyamara mai jawo nesa kusa, domin ba a barin masu ɗaukar hoto su shiga wurin yadda suka ga dama. Mujalla ta saya, ta buga, mutane suka sa kuɗinsu suka kalli faɗuwar uwar 'ya'ya uku.

Matar nan ita ce Gimbiya Caroline ta Monako, babbar 'yar Sarki Rainier na Uku da matarsa Grace Kelly. Na daɗe ina bin labarinta, kuma abin da ya fi sosa mini rai shi ne yadda ake taƙaita shi. Duk inda aka ambace ta, abin da ke biyo baya shi ne ta yi aure uku. Sai a jero sunayen mazan, a haɗa da hotuna, a ce ga tarihinta. Ra'ayina shi ne an zalunce ta ta fuska biyu, da lissafin da kuma kyamarar, kuma tushen zaluncin guda ne: tunanin cewa macen da aka haifa a fada ta zama kayan kallon kowa daga ranar suna har kabari.

Sai an san Monako kafin a gane wannan mata. Ƙasa ce da duka faɗinta da ƙyar ya haura murabba'in kilomita 2, a manne da gaɓar tekun kudancin Faransa, kusa da iyakar Italiya. Mazauna cikinta ba su kai dubu 40 ba, kuma 'yan asalin ƙasar su ne marasa rinjaye. Gidan Grimaldi, wato zuriyar da ke sarautar ƙasar, ke alfahari da cewa tun 1297 suka fara riƙe dutsen da fadar take a kai. Ba su da gona, ba su da ma'adinai. Abin da ya tsayar da ƙasar a ƙarni na 19 shi ne gidan cacar Monte Carlo, wanda ya kawo kuɗin da ya sa aka soke harajin kuɗin shiga a 1869, ga shi kuma doka ta hana 'yan ƙasar su yi caca a cikinsa. Ƙasa irin wannan da suna take ci. In baƙi masu kuɗi sun daina zuwa, tukunya ta daina tafasa.

Shi ya sa auren Rainier da Grace Kelly a watan Afrilun 1956 ya wuce auren mutum biyu. Amaryar tauraruwar fina-finan Amurka ce da ta riga ta ci babbar lambar yabo ta Oscar, kamfanin da take wa aiki ya ɗauki bikin a fim, kuma an ƙiyasta mutum miliyan 30 suka kalla ta talabijin. Monako ta farfaɗo. Wata tara bayan haka, ranar 23 ga Janairun 1957, aka haifi Caroline. Tun tana cikin tsumma ake ɗaukar ta hoto. Na tsaya a kan wannan ne domin zai dawo mana in mun zo ga masu cewa ai ita ta jawo wa kanta: uwarta ta zaɓi fitowa a fim, ubanta ya zaɓi ya tallata ƙasarsa da bikinsa, ita kuwa jaririyar babu wanda ya shawarce ta.

To, bari mu buɗe wannan "aure uku" mu ga abin da ke ciki.

Na farko ta yi shi a watan Yunin 1978, tana da shekara 21, bayan ta yi karatu a Ingila da Faris. Mijin Bafaranshe ne, Philippe Junot, ya girme ta da shekara 17, kuma sanannen abu ne cewa iyayenta ba su so ba. Auren ya mutu a 1980, babu haihuwa. Yarinya ce ta kafe a kan wanda take so, iyaye suka haƙura, daga baya maganarsu ta tabbata. Babu unguwar da ba a taɓa ganin haka ba. Abin da ya bambanta nata shi ne abin da ya biyo baya. Monako ƙasar Katolika ce, kundin tsarin mulkinta ma ya faɗi haka, kuma a wurin cocin Katolika babu saki. Kotun gwamnati za ta iya raba ku, amma a idon coci kuna nan mata da miji, sai fa in limaman Rum sun bincika sun yanke cewa auren tun asali bai ɗauru ba. Caroline ta nemi wannan hukunci. Bai fito ba sai 1992, shekara 12 bayan rabuwar.

A tsakanin nan abubuwa biyu suka faru da suka juya rayuwarta. A watan Satumban 1982 motar da uwarta ke tuƙawa ta ƙwace a wata karkatacciyar hanyar dutse da ke gangarowa Monako, ƙanwarta Stéphanie na ciki. Stéphanie ta tsira, Grace ta rasu washegari, ranar 14 ga wata, tana da shekara 52. Caroline na da 25. Daga ranar ita ta zama uwar gidan: ita ke tsayawa gefen ubanta a taro, ita ta gaji gidauniyoyin da uwar ta bari.

Sai kuma Stefano Casiraghi. Ɗan kasuwa ne Ba'italiye, ta girme shi da shekara uku. Suka ɗaura aure a gaban hukuma ranar 29 ga Disamban 1983, ba a coci ba, tunda coci na ganin har yanzu matar Junot ce. Suka haifi Andrea a 1984, Charlotte a 1986, Pierre a 1987. Duk wanda ya rubuta tarihin gidan nan ya yarda cewa waɗannan shekaru bakwai su ne na kwanciyar hankalinta. Stefano na tseren jiragen ruwa masu gudun tsiya, har ya zama zakaran duniya. Ranar 3 ga Oktoban 1990, yana kare kambunsa a tekun da ke gaban Monako, jirginsa ya bugi igiyar ruwa ya kife. Ya mutu yana da shekara 30. Ya bar mata yara masu shekara 6 da 4 da 3, ita kuma tana da 33, shekara takwas kacal da binne uwarta.

A nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya. Hukuncin da ta shafe shekaru tana jira domin ta auri wannan mutum a gaban cocinta ya iso ne shekara biyu bayan an sa shi a ƙasa. Sai a 1993 Fafaroma John Paul na Biyu ya amince da halascin 'ya'yan a dokar coci. Wannan shi ne aure na biyu a lissafin masu lissafi. Suna sa shi a layi ɗaya da na farko, kamar dai mace ce mai saurin gajiya da maza, alhali mutuwa ce ta shiga gidanta da rana tsaka. Harshenmu ma yana da wannan rauni, domin kalmar bazawara ba ta bambanta wadda aka saka da wadda ta yi takaba, kuma mai son ya muzanta mace ya san yadda zai yi amfani da wannan duhu.

Bayan rasuwar ta kwashe 'ya'yanta ta bar fada. Ta koma Saint-Rémy-de-Provence, wani ƙaramin gari a kudancin Faransa, ta sa su a makaranta kamar 'ya'yan kowa, tana zuwa kasuwa da kwandonta, tana hawa keke. Duk mai hankali ya san ma'anar wannan ƙaura. Mace ce ta ce a ƙyale ni in yi jinyar zuciyata, in raini marayuna. Masu kyamara suka bi ta can. A 1993 mujallun Bunte da Freizeit Revue suka buga ta tana cefane, tana kan doki, tana cikin kwale-kwale da 'yarta, tana cin abinci da wani aboki a lungun wani gidan abinci. A tsakiyar shekarun 1990, da gashin kanta ya zube, shi ma ya zama haja.

Aure na uku ba zan daɗe a kansa ba. Ranar da ta cika shekara 42, 23 ga Janairun 1999, ta auri Ernst August, shugaban gidan sarautar Hanover na Jamus, suka haifi Alexandra. Mijin ya sha shiga jarida da kotu saboda zafin hannu, ciki har da dukan wani mai ɗaukar hoto da lema a 1998 da kuma wata rigima a tsibirin Lamu na Kenya a 2000. Tun wajen 2009 ba sa zaune tare, amma ba su rabu a kotu ba. Saki ɗaya a ƙuruciya, mutuwa ɗaya, sai zaman kowa-da-gidansa. Ga abin da ke cikin ƙunshin.

Ba ina cewa rayuwarta ta dace da ma'aunin addinina ko al'adata ba ne. Akwai abubuwa da yawa a zaman Turawan wannan aji da ba zan so wa 'yata ba. Amma in za a auna, a auna da mudu ɗaya. Ƙanenta Albert, wanda ke kan karaga yau, bai yi aure ba sai 2011, yana da shekara 53, kuma kafin nan ya amsa a bainar jama'a, a 2005 da 2006, cewa yana da 'ya'ya biyu da ya haifa ba ta hanyar aure ba. Duk da haka in an gabatar da shi, da sarautarsa ake farawa, sai aikinsa na kare teku da muhalli. Yayarsa kuwa da jerin mazajenta.

Abin da ya sa nake girmama wannan mata shi ne ba ta tsaya kuka a ɗaki ba. Kotu ta tafi, kuma ta daɗe a can. Tun farkon shekarun 1990 Bunte ta buga wata hira da ta ce ta yi da ita, alhali ba a taɓa yin hirar ba, ƙirƙirar ta aka yi. Ta kai ƙara, har babbar kotun Jamus ta ce diyyar irin wannan dole ta yi nauyin da za ta sa mujalla ta ji a jikinta, aka ƙare da biyan ta mark dubu 180, kuɗin Jamus na lokacin. Wannan mai sauƙi ne, tunda ƙarya ce tsagwaronta. Mai wuyar shi ne na hotuna, domin hotunan gaskiya ne. Ta je kasuwar, ta hau dokin, ta yi tuntuɓen.

Dokar Jamus ta lokacin tana da wani aji na mutane da take ɗauka a matsayin fitattun zamani ta kowace fuska. In ka faɗa wannan aji, ana iya ɗaukar ka hoto a duk inda jama'a ke shiga, a buga ba da izininka ba. Kariyarka kawai cikin gidanka, ko wani keɓaɓɓen wuri da kowa zai gane ka shiga ne don ka ɓuya. Kotunan Jamus suka ce Caroline na cikin wannan aji. A Disamban 1999 kotun tsarin mulkin ƙasar ta ba ta gaskiya a kan hotunan da ke ɗauke da 'ya'yanta, amma ta bar sauran. Ma'ana, da zarar ta tsallake dokin ƙofarta, ta zama ta kowa.

Sai ta wuce birnin Strasbourg na Faransa, inda Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai take. Ranar 24 ga Yunin 2004, shekara 11 bayan ta fara shari'ar a Hamburg, alƙalan suka yanke baki ɗaya cewa Jamus ta gaza kare haƙƙinta na rayuwar sirri, wanda sashe na 8 na yarjejeniyar Turai ya tanada. Hujjarsu ce ta fi burge ni, saboda sauƙinta. Suka ce tambayar da za a yi wa kowane hoto ita ce: me ya ƙara wa muhawarar da ta shafi al'umma? Suka bambanta ɗan siyasa mai riƙe da muƙami, wanda aikin jarida ne ta sa masa ido, da macen da ba ta riƙe da wani ofis a gwamnatin Monako. Suka ce gamsar da sha'awar masu son leƙen rayuwar wani bai kai hujja ba, komai shaharar wanda ake leƙen. Hukuncin ya zo ne shekara bakwai bayan Gimbiya Diana ta mutu a wata hanyar ƙarƙashin ƙasa a Faris, masu kyamara na bin motarta a kan babura, kuma babu shakka Turai ta riga ta fara jin kunyar kanta.

Yanzu bari in ba masu adawa da ni haƙƙinsu, domin maganarsu ba ta banza ba ce. Manyan editocin Jamus sun yi ca a lokacin, suka roƙi gwamnatinsu ta ɗaukaka ƙara, suna cewa an buɗe wa masu ƙarfi ƙofar toshe bakin jarida. Wasu kuma suka ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gidan Grimaldi da hoto ya yi arziki. Su ke gayyatar kyamara ranar bikin fure da ranar tseren motoci da ranar ɗaurin aure, su ke tsayawa a barandar fada suna ɗaga hannu, kuma ana ware wa fadar kuɗi daga baitulmalin ƙasa. Yaya za ka kira maroƙi ranar da kake so, ka kore shi ranar da ba ka so? In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Na yarda da rabin wannan. Tsoron editocin na gaske ne, kuma duk wanda ya zauna a ƙasar da mai mulki ke fakewa da "mutuncina" don ya hana a binciki satarsa ya san haka. Amma abin da aka buga game da Caroline ba bincike ba ne. Babu wanda ya laɓe a bayan katanga don ya gano yadda ake kashe kuɗin baitulmalin Monako, ko waɗanne attajirai ke ɓoye dukiya a bankunanta don gudun haraji, alhali a nan ne aikin jarida na gaskiya yake, kuma a nan ne ake bukatar jarumta. Kyamarar ta nufi inda babu haɗari kuma akwai ciniki: mace mai takaba da kwandon cefane. In aka lulluɓe wannan da rigar 'yancin faɗar albarkacin baki, to an ci amanar 'yan jaridar da ake ɗaurewa da kashewa saboda sun taɓa masu iko.

Maganar ladan kuturu kuwa, askin yana da iyaka. Wadda ta tsaya a baranda ranar bikin ƙasa ta ba da fuskarta ga wannan rana, kuma a ɗauka a buga. Wannan bai zama ta sayar da safiyar Talatarta a kasuwa ba. Malamin makaranta ma albashin gwamnati yake ci, kuma muna da haƙƙin sanin ko yana shiga aji, amma ba mu da haƙƙin leƙa abin da matarsa ta dafa.

Abin da ya ƙara tabbatar mini cewa layin da kotun ta ja mai kyau ne shi ne bai zama garkuwar fada ba. Caroline ta koma Strasbourg ta sha kaye. A Fabrairun 2012 babban zauren kotun ya duba wani hoto nata da mijinta suna tafiya a garin St. Moritz na Switzerland lokacin hutun wasan zamiya a ƙanƙara, wanda aka buga tare da labarin rashin lafiyar ubanta. Kotun ta ce ciwon sarki mai ci abu ne da ya shafi jama'a, yadda 'ya'yansa suka yi da jinyarsa ma haka, don haka bugun ya halasta. A 2013 ta sake faɗuwa a wata ƙarar. Ina ganin hukuncin 2012 daidai ne, ko da yake ya buɗe wata kafa da mujallu suka gane nan take, wato a liƙa wa hoton tsegumi ɗan guntun labari mai kamar muhimmanci don ya wuce. Wannan kafa tana nan har yau, kuma tana damu na.

Shi ma Albert ya gwada. Da mujallar Paris Match ta buga labarin ɗansa na ɓoye a 2005, ya kai ƙara a Faransa ya ci. Amma a 2015 kotun Strasbourg ta ce Faransa ta yi kuskure, domin a ƙasar da mulki ke bin jini, samuwar ɗa ga sarki marar magaji a lokacin magana ce ta ƙasa. Ka ga kotu guda, ma'auni guda, gida guda: ta kare kwandon yayar, ta ƙi kare sirrin ƙanen. Wanda ke riƙe da karaga shi ke ɗauke da nauyin ido.

Kuma karagar nan, ai ita ce abin da aka hana Caroline. Ita ce 'yar fari. Wata 14 ta yi tana mai jiran gado, sai aka haifi Albert a Maris ɗin 1958, dokar fifita namiji ta ture ta gefe. Da Rainier ya rasu a Afrilun 2005, Albert ya hau ba shi da ɗan aure, sai ta sake zama mai jiran gado, bisa gyaran da aka yi wa kundin tsarin mulki a 2002 wanda ya bar sarauta ta bi ta 'yan'uwan sarki. Ta riƙe wannan matsayi har 10 ga Disamban 2014, ranar da matar Albert ta haifi tagwaye. Macen, Gabriella, ta riga fitowa da minti biyu, amma namijin, Jacques, shi ne yarima mai jiran gado. Sweden ta daina wannan bambanci tun 1980, Holan da Norwe da Beljiyam da Denmak da Birtaniya suka bi, Monako ba ta bi ba. Ba hurumina ba ne in tsara wa Monako gadonta. Abin da nake nunawa shi ne rashin daidaiton cinikin: an ce mata ba za ta yi mulki ba saboda mace ce, sannan aka ce dole ta ɗauki irin sa idon da ake wa mai mulki, har ma fiye.

Ga kuma abin da kyamarar nesa ba ta ɗauka, domin ba ya sayuwa. A 1981 ta kafa wata ƙungiya mai sauraron matasan da ke cikin damuwa. A 1985 ta kafa ƙungiyar rawar bale ta Monte Carlo, burin da uwarta ta mutu da shi, kuma ƙungiyar ta zama ɗaya daga cikin waɗanda ake ji da su a Turai. Tun 1993 take shugabantar AMADE, ƙungiyar kare yara da Grace ta kafa a 1963, wadda ke aiki a ƙasashe da dama har da na Afirka, kuma ita da kanta ta je Kongo duba ayyukanta. UNESCO ta naɗa ta jakadiya a 2003. A nan ne ya kamata a tsananta mata tambaya, in ana son tambaya. Nawa aka tara, nawa ya isa ga yaran, wa ya duba littafin kuɗin? Wannan aikin jama'a ne, da sunan jama'a ake karɓar gudummawa, kuma ba ta da hujjar cewa a ƙyale ta a kansa.

Dalilin da ya sa labarin wata gimbiya mai nisa ya hana ni sakat shi ne kyamarar da ta bi Caroline yanzu tana aljihun kowa. A 1997 sai ƙwararre mai kayan aiki masu tsada, da edita, da injin buga mujalla. Yau yaro mai waya ya isa. Duk mai shiga Instagram da Facebook da TikTok a Hausa ya ga shafukan da abincinsu shi ne auren wance ya mutu, ga hoton wance a gidan biki, ku ƙirga mana wannan aurenta na nawa ne. Yawanci mata ne abin harin, 'yan fim da 'ya'yan sarakuna da matan masu kuɗi, wani lokaci ma yarinyar da ba kowa ba, wadda tsautsayi ya sa aka ɗauke ta. Hujjar da ake kawowa ita ce dai wadda lauyoyin mujallun Jamus suka kawo, wai ai ita ta fito da kanta. Mu kuwa ba mu ma bukaci alƙalan Strasbourg ba, tunda aya ta 12 a Suratul Hujurati ta hana bin diddigin sirrin juna, ta kuma kamanta gulma da cin naman ɗan'uwa matacce, kuma ayar ba ta ware sanannu ba. Bambancin da ke ba ni tsoro shi ne Caroline na da kuɗin riƙe lauyoyi shekara 11. Wadda aka yaɗa hotonta a nan ba ta da ko na rana ɗaya, sai dai ta rufe waya ta daina fita.

A 2005 gwamnatin Jamus ta sasanta da ita a kan Yuro dubu 115, kuma mafi yawan kuɗin na ɗawainiyar shari'a ne, abin da aka ware na ɓacin rai dubu 10 ne kawai. Kotunan Jamus suka watsar da wancan aji na fitattun da ba su da kariya, suka koma duba kowane hoto da abin da ya ƙunsa. Lauyoyi a faɗin Turai na kafa hujja da shari'ar, da sunan aurenta na uku, von Hannover, wato sunan mijin da ta shafe shekaru ba ta zaune da shi. Yau ta haura shekara 65, tana da jikoki, tana fitowa barandar fada ranar bikin ƙasa ta 19 ga Nuwamba, a ɗauke ta hoto, ta koma ciki. Mujallu na ci gaba da tambayar me ya sa ba ta nemi saki ba, ita kuma ba ta ba su amsa ba.